IN KIN GA KORE, SUN SHIGA

Shafi na 7

Assalamu alaikum. Masu damuna da "Inno a ci gaba, Inno mun gaji da jira", ƙafata ce ta kumbura. Kuma ni ban yi boko ba, da baki nika faɗi, Hamdiyya maƙwabciyata ke dannawa, ita ma da nata aikin. Wanda bai iya jira ba ya hau babur ya zo Kebbe ya ji da kunnenshi.

Mun tsaya inda na rufe rumfar furata a kasuwa, na kama hanyar Tambuwal don in ji ramin da kuɗina ke faɗawa.

Don waɗanda sunka shigo yanzu: tun lokacin da takardun kuɗi sunka yi wuya mutane sunka koma biya ta waya. Ni ba ni da akawun. Ɗangiwa, mai sayar da kayan babur a rumfar da ke manne da tawa, shi ya kira ɗan farina ya karɓi lambar akawun ɗinshi, ya rubuta min da fenti a jikin bango. Ya ce min, "Inno, ba sai kin iya karatu ba. In an nuna miki waya kin ga kore, sun shiga."

To, kore na gani har na gaji. Kuɗi ne ban gani ba.

Hanyar nan ba sai na ba ku labarinta ba. Kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ni, ƙuguna ya daina zama nawa. Na isa bayan azahar, na ishe Rukayya matar ɗan farin nawa ta dawo daga asibitin da take aikin nas, ko fararen kayan ba ta cire ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Tana da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba, sai dai ladabin nata da allura a hannu yake zuwa.

Ta aje min ruwa a kofi. Na miƙa hannu na kama iska. Na sake miƙawa sannan na same shi. Na ce gajiyar hanya ce.

Ta ɗauki kofin ta fita.

Sai ga abinci. Dafaffen wake, kwaɗon zogale, da wani ɗan tuwon dawa da bai kai dunƙulen hannun jikata Kamila ba. Na tambaye ta ko tuwon laifi ya yi anka rage mishi girma. Ta ce haka mai ciwon suga ke ci, ganye ya fi yawa, tuwo kaɗan.

Na ce ni tun da anka ce ina da ciwon nan ko shayi na daina, kuma furata ba na sa mata suga. Ta ce geron kanshi, in ya shiga ciki, suga yake komawa.

"Gero ya koma suga? To rake fa, me ya rage mishi ya koma?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko ina ɗanɗana furar da nika sayarwa. Ku ji tambaya. Wa ke dama fura bai kai ludayi baki ba? Ta yaya zan san citta ta ji, kanumfari bai yi yawa ba, nonon bai yi tsami ba? Ta ce ludayi-ludayi shi ke cika ƙwarya. Na ce ta kwantar da hankalinta, kullum da safe ina shan ruwan shuwaka da garafuni, ɗaci ke kashe zaƙi, kowa ya san haka.

Ta ce maganin asibitin fa?

Na ce yana nan lafiya lau, ƙulle a leda, babu abin da ya same shi.

Ta tashi ta ɗauko na'urarta ta awon suga ta tsira min allura a yatsa. Ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta maida aljihu ba ta faɗi lamba ba. Ni ma ban tambaya ba, don ba wannan ya kawo ni ba.

La'asar sakaliya ɗan nawa ya shigo, da allin makaranta a hannun rigarshi, don malamin firamare ne. Ya tsuguna a bakin ƙofa, kanshi a ƙasa, ya gaishe ni. Na amsa ina kallon bango.

Kun san al'adarmu. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a zaman hira da shi. Ana yaye shi kakarshi ta ɗauke. Tun da na haife shi ban taɓa kallon ƙwayar idonshi na ce mishi kaza ba. In ina da magana, aike nika yi. Da ubanshi na raye shi ke kai saƙo. Da ya rasu sai saƙo ya rasa mai kaiwa.

Shi ya sa wata bayan wata ina ganin kore ban tambaya ba. Ƙarshen wata sai ga ɗan buhun wake, ga alkama, ga magani a bayan babur. Ni kuma ina cewa a raina, kuɗina ne yake sayo min abin da ban aike shi ba, saura yana ci da iyalinshi. Ina haɗiyewa. Har jarina ya ƙare, har Bafillatanar da ke kawo min nono ta fara wuce rumfata kamar ba ta taɓa sanina ba.

Ranar nan dai ban zo haɗiya ba. Na juya wajen Rukayya.

"Ki tambayi mai gidanki, gumina ya zama nashi ne?"

Ta kalle ni, ta kalle shi.

"Ki tambaye shi. Ina tashi kafin kiran salla, ina surfe, ina daka, ina zama cikin rana da ƙafa kumburarra. Shi yana nan waya na mishi ƙara a aljihu. In bashi anka biyo ni da shi tun ranar haihuwa, a gaya min nawa ne in sani."

Mu uku a ɗaki guda, amma sai da ya ce, "Ki gaya ma Inno…" sannan ya iya magana.

Ya ce abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba. Wasu malamai ne, sai wani ma'aikacin lafiya, yau ɗaya gobe babu. Ya ce shi a zatonshi kasuwata ce ta mutu, kuma ya ji kunyar ya aika a tambaye ni. Waken da alkamar da maganin, daga albashinshi yake cikawa, albashin da shi ma sai an ja musu rai yake shiga. Ya ce akwai watan da ya aje baburinshi ya dinga zuwa makaranta a ƙasa don kada buhuna ya yi latti.

Rukayya ta fara maimaita min. Na ce na ji, ba kurma ba ce ni.

Na ce kasuwar wa ta mutu? Ɗangiwa kaɗai da masu yi mishi aiki, da 'yan kabu-kabun da ke zama a bencinshi, babbar ƙwarya suke tashi da ita kullum. Wasu har su ƙulla a leda su kai gida. Kuma babu wanda ya taɓa tashi bai nuna min kore ba.

Da na ambaci Ɗangiwa sai ya ɗago kai. Ban gani sosai ba, amma na ji numfashinshi ya canza.

"Ki gaya ma Inno, Ɗangiwa bai taɓa turo min kuɗin fura ba."

"Ki gaya mishi ƙarya yake."

Rukayya ta miƙa hannu ta karɓi wayarshi. Ta yi ta ja da yatsa, ta yi ta ja. Ta ce gaskiyarshi, babu sunan Ɗangiwa, babu na kowa daga bencin nan.

Na ce da idona na gani. Idon nan da ya raini ɗiya, ya tsince tsakuwa daga gero tun ba a haife ta ba.

Ta aje wayarshi a cinyarta, ta zaro tata. Ta matso kusa da ni, ta kawo min ita daidai inda mai sayen fura ke kawowa.

"Inno, ga wani ya turo yanzu. Duba min, sun shiga?"

Na duba. Kore shar, ya cika fuskar wayar.

"Sun shiga mana. Ga shi nan."

Ina jin Kamila a tsakar gida tana korar kaji.

"Zogalen bayan ɗakina ne, Inno. Wanda kinka ci ɗazu. Hotonshi na ɗauka."

Jama'a, na sha zagi a kasuwa. Na sha rana, na sha bashi, na binne miji. Amma ban taɓa jin an tuɓe ni a gaban ɗana ba sai ranar nan. Na so in ce wasa nika yi. Amma wa zai yarda?

Ta riƙe hannuna. Na ƙwace.

Ta ce ba don ta kunyata ni ta yi ba. Tun da na kama iska a wajen kofi ta gane. Ta ce suga ne ke cin ido a hankali, kamar gara a cikin azara, ba ka sani ba sai rufi ya sauko. Ta ce in an kai ni Sakkwato an duba, kuma na bi abinci na sha magani, ana iya tsare abin da ya rage. Su kuma mutanen bencin, ta ce ba sa ma buƙatar wahala. Tsohon hoton biya guda ɗaya ya ishe su, su yi ta nuna min shi har shekara. Ko ma ba shi ba, duk abin da ke kore.

Sai na tuna yadda suke yi. Ɗangiwa ya miƙo waya daga nesa, ya ce, "Inno, kin gani?" In ce na gani, Allah ya yi albarka. Su fashe da dariya a benci. Ni ina cewa hirarsu ce ta ƙwallo.

Ashe ni ce ƙwallon.

Har addu'a nika yi mishi. Har ƙarin nono nika zuba mishi, don shi ya taimake ni da lamba.

Na ce to, alhamdulillahi, ɓarawo ya samu suna. Na ce gobe da sassafe a maida ni Kebbe. Zan buɗe rumfata, in dama fura kamar kullum, in zauna. In ya miƙo waya in kama hannun da wayar gaba ɗaya, in kira Hamdiyya ta karanta a gaban mutane. Daga nan sai gaban sarkin kasuwa. In sarkin kasuwa ya ja ƙafa, akwai hakimi. In hakimi ya ja ƙafa, akwai alƙali. Duk ludayin da sunka sha sai sun biya shi, ko da tayar babur ne.

Rukayya ta ce ita za ta raka ni, za ta nemi a canza mata ranar aiki. Ta ce kuma a buɗe min akawun nawa na kaina, a sa wayar da ke faɗin kuɗi da murya, in dinga ji da kunne tunda ido ya gaza. Na ce wannan ce maganar hankali ta farko da ta yi tun da na zo.

Na waiwayi bakin ƙofa inda yake. Yana tsugune yana murza hularshi.

Can ya ce, "Ki gaya ma Inno ba za ta koma ba."

Na ce me ya ce?

Ya ce an share min ɗakin da ke kusa da nasu. An sa sabuwar katifa, an yi shafe, an sa labule. Ya ce shekaruna sun wuce zaman kasuwa, ga suga, ga ido, ga ƙafa. In zauna in huta, Rukayya ta kula da abincina.

"In huta," na ce ma bango. "In zauna ana auna min tuwo kamar maganin tari. In wayi gari ba ni da inda za ni, ba mai cewa Inno a dama min. Ki tambaye shi, da wace rumfa anka saya mishi littafi? Da wace rumfa anka biya mishi kuɗin kwaleji? Da wace rumfa anka kai kayan aurenki? Ranar da na rufe rumfar nan, ku fara neman likkafani."

Rukayya ta ce in yi haƙuri, ba wanda ya ce a rufe. Ana iya samun wadda za ta dinga ɗanɗana min, ni in tsaya a kan awo da ciniki.

Amma wani abu ya tsaya min a rai. Shafe ba ya bushewa a yini guda. Ni kuwa ban gaya ma kowa zan zo ba.

"Ki tambaye shi, yaushe anka yi shafen?"

Ta ce an ɗan kwana biyu. Ita ma ce mata ya yi don baƙi ne.

"Wa ya gaya mishi idona ya taɓu? Ke yau kinka gani. Shi rabonshi da Kebbe tun salla."

Ya ce wani ne ya yi ta kiranshi. Wai ana cutata a kasuwa, wai ina ba da canji ba daidai ba, wai har ƙuda na faɗawa furata ban gani ba, mutane na zunɗe. Wai in yana da kunya ya zo ya ɗauke uwarshi kafin ta zama abin dariya.

Ƙuda a furata. Ni da nika rufe ƙwarya da faifai biyu.

"Wane ne?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ki ce ya faɗi sunan mai tausayin nan, in je in yi mishi godiya."

Ya miƙe tsaye. Ya ce ma Rukayya ta ba shi wayarshi, akwai wanda zai kira a waje, yanzu-yanzu. Ta ce ya bari a gama magana mana. Ya ce ta ba shi dai.

Tana cikin miƙa mishi wayar ta yi ƙara a hannunta. Wagga ƙarar na san ta, ita ce ta shigar kuɗi, ina jin ta a wayoyin malamai.

Rukayya ta duba, kamar yadda kowa zai duba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ɗangiwa ne. Ya turo kuɗi."

Na ce kun gani ko? Ya ga rumfa a rufe, ya ji na taho Tambuwal, cikinshi ya ɗuri ruwa. Na ce ta karanta min da kyau, na wata nawa ya biya.

Ba ta karanta ba.

Na ce ko ita ma sugan ya kama ta ne?

Ta ce kuɗin sun fi na fura. Ta ce akwai rubutu a ƙasa. Tana maganar ba ni take kallo ba, mijinta take kallo.

"Baban Kamila, mene ne wannan?"

"Ba ni wayar."

"Ya rubuta, cikon kuɗin rumfar Inno. Gobe zan fasa bangon in haɗe da tawa."

Ashe rumfata ya sayar.

Ya koma ya tsuguna. Ya fara magana da sauri, yana haɗa wannan da wancan. Wai takardar rumfar da sunan ubanshi take, shi ne magaji. Wai rabin farko na kuɗin a hannu anka ba shi. Wai Ɗangiwa ne mai kiran nan, bai san shi ne ke cutata ba, wallahi bai sani ba sai yau. Wai da kuɗin zai kai ni asibitin ido. Wai ya so ya gaya min, ya rasa ta inda zai fara, ya rasa wanda zai aika. Har yanzu "ki gaya ma Inno" yake cewa.

Rukayya ba ta gaya min komai ba. Ta aje wayar a tabarma kamar ta ɗauko garwashi.

Na dafa bango na tashi. Ƙafar nan mai kumburi ta ɗauke ni har bakin ƙofa inda yake. Ban iya ganin fuskarshi sosai, sai inuwa da farin alli a hannun riga. Na sunkuya har sai da na samu idonshi.

Tun ranar da liman ya raɗa mishi suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ko a addu'a "yaron nan" nika cewa, Allah ya san wanda nika nufi.

"Lawwali."

Hular ta faɗi daga hannunshi.

"Tashi ka tada babur. Ba gobe ba, yanzu. In gudumar Ɗangiwa ta riga ni taɓa bangon nan, wannan ne kiran farko, shi ne na ƙarshe."